Ɓauren Kef a Gaɓar Monterey

Daga San Faransisko zuwa Monterey tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci, kusan kilomita 190. In ka hau babbar hanyar bakin teku ka nufi kudu, kana isa garin Marina sai tuddan yashi su tare maka ganin ruwa ta hannun dama. A watan Fabrairu na bi ta nan, tsakiyar daminarsu ke nan, domin a wannan yanki na Kalifoniya ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Da rani da kyar ake samun ɗigo, sai hazo mai laima da ke tasowa daga teku ya kwanta a kan gari har hantsi.

Launin tuddan ne ya fara ɗaukar idona. Maimakon farin yashi, kore da ja da ruwan goro ne suka shimfiɗu tun daga bakin kwalta har ƙololuwar tudu, kamar an baza darduma ba a bar ko taki ɗaya ba. Baƙo zai ce ƙasar nan da albarka take. Wanda ya san tsirran gaɓa kuwa gabansa ne zai faɗi, don duk wannan shimfiɗa tsiro guda ne, kuma ba ɗan ƙasar ba ne.

Masana na kiransa Carpobrotus edulis, Amurkawa na ce masa ice plant. Asalinsa gaɓar yankin Kef ce a Afirka ta Kudu, inda masu jin Afirkans ke ce masa suurvy, wato ɓaure mai tsami, suna busar da 'ya'yansa su sayar, suna kuma dafa su da sukari a shafa wa burodi. Saboda haka zan riƙa kiransa ɓauren Kef. A gidansu bai dami kowa ba. Kunkuru na cin ganyensa, birai da beguwa na cin 'ya'yan, ƙwari da cututtukan da suka saba da shi na rage masa ƙarfi, sauran tsirrai kuma sun san yadda za su zauna da shi. Da aka kawo shi nan, duk waɗannan aka baro su a can.

Zangona na farko shi ne tuddan Fort Ord, tsohon barikin soja da aka buɗe a 1917 aka rufe a 1994. Ɓangarensa na bakin teku, mai tsawon kilomita shida da ɗoriya, ya zama gandun shaƙatawa na jiha a 2009. A nan na tsuguna na duba tsiron da kyau. Ganyensa tsawon ɗan yatsa ne ko ya ɗan fi, mai kusurwa uku, in ka karya shi sai ka ga alwatika cike da ruwa mai yauƙi. Fatarsa santsi ce mai kauri kamar an shafe ta da kakin zuma. Furen rawaya ne mai faɗin tafin hannun yaro, in ya kwana biyu sai ya koma ruwan hoda. Akwai ɗan'uwansa, Carpobrotus chilensis, mai ƙaramin fure ja-shuɗi, kuma su biyun sun yi ta barbarar juna har ruwa-biyunsu sun cika gaɓar. Abin lura dai shi ne karan. Yaɗo yake yi kamar na dankali, kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta saki saiwa, kuma reshe ɗaya na iya ƙara kusan mita guda a shekara. Tushe ɗaya kan bazu har ya kai mita 50 daga wannan gefe zuwa wancan.

Ba satar hanya ya yi ya shigo ba, gayyatarsa aka yi. A farkon shekarun 1900 aka fara dasa shi a gefen layin dogo don ya riƙe ƙasa. Hukumar hanyoyin jihar ta ɗauka, ta shuka dubban eka a gefen manyan tituna har zuwa shekarun 1970. Sojoji suka dasa shi a kan waɗannan tudda inda suke koyon harbi, masu gidaje kuma suka kai shi lambu. Dalilin kowa ɗaya ne: ba ya son ban ruwa, gishirin iskar teku ba ya ƙona shi, ka yanki reshe ka yar a ƙasa ya kama. Halin da ya sa mai lambu ya so shi, shi ne halin da ya sa ya gagari kowa da ya tsallake katanga.

Na sa hannu na ɗaga gefen shimfiɗar. Kore a sama kawai yake. A ƙasa tsofaffin karare ne baƙaƙe da matattun ganye, an jera su hawa-hawa, sabon yaɗo na hawa kan tsoho shekara da shekaru har kaurin kan kai rabin mita. Ko tsiro ɗaya babu a ciki, hasken rana ma ba ya shiga. Yashin da ke ƙarƙashi ya yi duhu, ya daina zama yashin gaɓa.

Ta hanyoyi da yawa yake kashe maƙwabtansa. Saiwoyinsa sirara ne masu yawa a saman ƙasa, su ke fara shanye ɗan ruwan da ya sauka kafin ya kai ga saiwar ƙananan itatuwan wurin. Binciken masaniyar tsirrai Carla D'Antonio a gaɓar Kalifoniya a farkon shekarun 1990 ya nuna haka, itatuwan da ya kewaye suna tsumburewa, da an cire shi sai su farfaɗo. Ruɓaɓɓen ganyensa yana ƙara wa ƙasa tsami. Sannan yana daskarar da tudun gaba ɗaya, alhali tsirran asali na nan da yashi mai motsi suka saba, suna bukatar iska ta buɗe musu sabon fili irinsu ya tsira. Ko riƙe ƙasar da aka kawo shi dominsa bai cika yi ba a kan gangare mai tsayi. Saiwar ba ta da zurfi, jikin kuma duk ruwa ne, saboda haka in damina ta jiƙa ƙasa nauyinsa kan ja ta su zame tare.

'Ya'yansa ba sa fashewa da kansu, sai an ci. Kowane ɗa na ɗauke da ɗaruruwan ƙananan iri cikin wani yauƙi mai tsami da ɗan gishiri. Barewa da zomo da kurege na cinsu, kuma irin da ya bi ta cikin dabba ya fi saurin tsira. Shi ya sa za ka ga sabon tsiro a tsakiyar daji, nesa da kowane gida, a daidai inda barewa ta yi kashi.

Wanda ya fi kowa asara a wannan gaɓa wani ɗan malam-buɗe-littafi ne shuɗi, mai ɗauke da sunan Smith, faɗin fikafikansa bai wuce santimita biyu da rabi ba. Tun 1976 yake cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu a Amurka. Rayuwarsa kaf a kan tsirrai biyu take, Eriogonum latifolium da Eriogonum parvifolium: a furensu yake shan zuma, a nan yake ƙwai, tsutsarsa furen take ci, sannan ta kwanta a cikin busasshen ganyen da ke gindinsu har shekara ta zagayo. Inda ɓauren Kef ya danne waɗannan biyu, shi ma ya tafi ke nan. Haka wani ƙadangare marar ƙafa da ke iyo a cikin sakakken yashi, da wata 'yar tsuntsuwa fara da ke ƙwai a buɗaɗɗen rairayi, wadda aka sa cikin jerin masu bukatar kariya a 1993.

A can gaba na tarar da 'yan sa-kai tare da ma'aikatan gandu suna cire shi, na tsaya na kalli aikin tun daga farko. Ba a cirarsa reshe-reshe kamar ciyawar gona, naɗe shi ake yi kamar tabarma. Da farko ana sa shebur mai kaifi a yanka layi biyu a jikin shimfiɗar, a fitar da tsiri mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mutum biyu ko uku su durƙusa a bakin tsirin su ɗaga su fara naɗewa, wani kuma yana gabansu da shebur yana datse saiwoyin da suka riƙe. In naɗin ya kai tsawon mita uku sai a yanke a fara sabo, don in ya wuce haka ba mai iya ɗaga shi, nauyin ruwa ne zalla. Ana jan naɗin a kan tamfol zuwa wurin tari, a kife shi saiwa na kallon sama. Tarin ma ba a barinsa haka nan, don rassan da ke gefe suna taɓa ƙasa su sake kamawa, sai an riƙa zuwa ana juya shi har ya bushe ƙayau. Rassan da ke da 'ya'ya kuwa buhu ake zuba su a fitar da su daga wurin.

Bayan naɗi sai tsinta, kuma a nan ake gane gwani. Ana bin filin da manjagara, sannan da hannu, ana neman duk guntun kara mai gaɓa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: guntu mai tsawon ɗan yatsa ya isa ya mayar da fili yadda yake cikin 'yan shekaru. Irin da ke cikin ƙasa kuma yana rayuwa aƙalla shekara biyu. Saboda haka duk wanda ya cire ya tafi bai dawo ba ya kashe maciji bai sare kansa ba. Ana komawa duk bayan wata uku ko huɗu, shekara uku a jere ko fiye, ana tsinke sababbin tsiro tun suna da ganye huɗu, lokacin da yatsa biyu sun ishe su.

Inda fili ya fi ƙarfin hannu akwai hanya biyu. Ana iya rufe shi da baƙar leda mai kauri a danne gefuna da buhunan yashi, zafi da duhu su kashe shi, amma a gaɓa mai hazo wannan na cin watanni, iska kuma na yaga ledar. Ko a yi feshin maganin kashe ciyawa na gilaifoset kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 20 a kowace litar ruwa, 400 ke nan a goyon feshi mai lita 20, a haɗa da sinadarin da ke sa magani ya manne, in ba haka ba santsin ganyen zai sa ya zame. Ma'aikata masu izini ke yin wannan, da safe kafin iska ta tashi, bayan an kifa bokiti a kan duk tsiron asali da ya rage a tsakiya. Ba ya mutuwa nan take, sai bayan makonni yake yin rawaya ya bushe.

Abin da ke lalata aikin galibi bayan an cire yake zuwa. In aka bar mataccen ganye a ƙasa, ya zama taki ga wasu baƙin: dogayen ciyayin Turai masu tsira da damina, da wani tsiro mai rawayan fure, Oxalis pes-caprae, shi ma ɗan Afirka ta Kudu, wanda na gani ya cika gefen hanya a wannan wata. Garin gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. In kuma aka kwashe komai aka bar tudu tsirara a gefen da iska ke bugawa, yashi zai tashi ya rufe hanya da gidaje. Don haka ake duba kowane wuri da halinsa. A fili mai kwanciya ana share mataccen ganyen har a kai ga tsabar yashi. A gangare ana cirewa tsiri-tsiri a gicciye, a bar naɗin a kwance ya zama shinge, ko a bar wanda aka fesa ya bushe a inda yake a huda shi a dasa a ciki. A buɗaɗɗen yashi kuma ana soka damman bambaro a tsaye, a jere, su karya iska kafin dashe ya kama. Wanda ya ga yadda ake kafe tuddan yashi a Gure da Maine-Sorowa da shingen kaba da rassa zai gane dabarar nan take. Zai kuma tuna da Prosopis juliflora, ƙayar da aka kawo Nijar don tsayar da yashi, ta je ta cika busasshen gadon Tafkin Cadi a wajen Ngigmi.

Lokaci ma da ƙa'idarsa. Daga Maris zuwa Satumba ba a aiki kusa da wuraren ƙwan tsuntsuwar nan. Ba a taka gindin Eriogonum saboda tsutsar da ke kwance. Inda kuma aka ga baƙar ƙasa mai ɓarɓashin ɓawon kifin-kwasfa, tsohon mazaunin Rumsen ne, mutanen asali na wannan gaɓa, a nan ba a sa shebur sam.

Washegari na shiga Pacific Grove, ƙaramin gari a ƙarshen zirin ƙasar Monterey da ya kutsa cikin teku, a nan ne na ga ƙofar da irin waɗannan tsirrai ke bi su fita. A gefen titin bakin teku akwai lambun da wani tsohon matafiyi, Hayes Perkins, ya fara dasawa a 1943, yana ɗibar ruwa a bokiti da hannunsa. Tsiron da ya shimfiɗa, Drosanthemum floribundum, dangin ɓauren Kef ne mai ƙananan ganye, kuma a Afrilu da Mayu gaɓar kan zama ruwan hoda gaba ɗaya, abin alfaharin garin. Lokacin da na je bai yi fure ba, sai manyan kurmin Aloe arborescens, 'yar'uwar zabuwa, da jajayen furanninta a tsaye kamar tocila. Wannan lambu yana tsakanin kwalta da duwatsu, ana kuma kula da shi, ban ga abin zargi a wurin ba. Damuwar tana ga mai gidan da ya ga ya yi kyau, ya je ya kwaikwaya a bayan gidansa da ke jingine da daji.

A bayan irin waɗannan gidaje, ƙasan katanga, za ka ga tarihin lambun mutum a zube. Aeonium na tsibiran Kanari ya kama a tsagin dutse. Aptenia cordifolia mai jan fure ta hau kan ƙananan itatuwa. Agave americana ta Meziko, wadda kan yi shekara goma zuwa talatin kafin ta fitar da doguwar sandar fure ta mutu, ta bar 'ya'ya a kewaye da gindinta. Ba wanda ya dasa su a nan. Mai gida ya yi aski a lambu, ya watsa rassan ta kan katanga yana ganin shara ce za ta ruɓe. Reshen mangwaro zai mutu, amma waɗannan da guzurinsu suke tafe. Yawancinsu da dare suke buɗe ƙofofin numfashin ganye, da rana su rufe, don haka reshe kan yi watanni a yashe bai bushe ba, yana jiran ruwan farko. A tuddan yashi akwai kuma Conicosia pugioniformis mai siraran ganye, wadda ba a naɗe ta, don saiwarta guda ce mai kauri kamar rogo, sai an sa shebur an datse ta a ƙarƙashin ƙasa.

Kaktus ya fi su duka sauƙin kamawa. Opuntia ficus-indica, mai faffaɗan kunne da 'ya'ya masu zaƙi, 'yan mishan na Sifen suka kawo ta daga Meziko suka yi shinge da ita, kamar yadda ake yi da ƙerana a Jos. Kunne ɗaya ya faɗi a kwance, duk idon ƙayar da ya taɓa ƙasa zai iya sakin saiwa. A kudancin Kalifoniya tana barbara da kaktus ɗin asali, Opuntia littoralis. Ostireliya ta ga ƙarshen abin: zuwa 1925 dangin wannan kaktus sun cinye kimanin hekta miliyan 24 a Queensland da New South Wales, sai da aka kawo wata asu daga Ajantina, Cactoblastis cactorum, aka sake ta a 1926, tsutsarta ta cinye su daga ciki. Wannan asu kuma ta isa Fulorida a 1989, yanzu kaktus ɗin asali na Amurka take ci. Mai cire kaktus ya riƙe shi da awartaki ko cokali mai yatsu na lambu, ban da safar hannu ta yadi, don ƙananan ƙayoyinsa masu kama da ƙaiƙayi suna ratsa ta. Ya tono gindin, ya tsince duk kunnen da ya faɗi. Rassan kowane irin tsiro mai ajiye ruwa a shanya su a kan siminti har su yi ƙaras, ko a ɗaure a buhu a kai juji na hukuma. Ba a zuba su a takin gida, ba a jefa su a kwari.

Daga nan ƙafa na taka zuwa Asilomar, inda hukumar gandun jiha ta fara gyaran tudda a 1984. A nan mutum zai ga yadda gaɓar take kafin baƙon ya zo. Hanyar katako ce aka ɗaga a kan farin yashi don kada a tattake tsirrai. Filin ba kore ba ne shar kamar na Fort Ord. Toka-toka ne da azurfa, tsiro nan, farin yashi can, kowane da siffarsa, kuma in ka tsaya minti biyar za ka ga ƙwari da ƙananan tsuntsaye suna kai da kawo. Nan da can akwai ƙananan kejin waya, a cikin kowane tsiro guda ne. Na leƙa ɗaya: ganye a kwance kamar faifai, dunƙulen rawayan fure a tsakiya, duka bai kai tsawon tafin hannu ba. Erysimum menziesii ke nan, ɗaya daga cikin masu gab da ƙarewa, kejin kuma don barewar garin ne, wadda ke yawo a tituna ba ta tsoron kowa.

Duk abin da mai lambu ke nema a wurin ɓauren Kef akwai ɗan ƙasa da zai ba shi a nan. Mai son shimfiɗa kore ya nemi Fragaria chiloensis, sitiroberin bakin teku mai sheƙin ganye, wadda ita ma yaɗo take, kuma ɗaya ce daga iyaye biyu na sitiroberin da ake sayarwa a kasuwa. Ana dasa ta santimita 30 zuwa 45 tsakani, cikin shekara biyu ta haɗe. Mai son fure ya sa Erigeron glaucus mai launin shuɗi-shuɗi, tazarar rabin mita, da Armeria maritima a bakin hanya. Artemisia pycnocephala, 'yar'uwar tazargade, ita ke ba da launin azurfa. Eriogonum biyun nan a ba su santimita 60 zuwa 90. Abronia latifolia kuwa, mai kaurin ganye da rawayan fure mai ƙamshi, sai a tsabar yashi take yi, a ƙasar lambu ruɓewa take. Don gangare, inda ake son saiwa mai zurfi da gaske, ƙananan itatuwa masu kwanciya sun fi: Baccharis pilularis, da irin Ceanothus da ake kira Yankee Point, wanda guda ɗaya kan rufe mita biyu zuwa uku, sai dai barewa na sonsa, dole a yi masa keji yana ƙarami.

Zama ɗan Kalifoniya kawai bai isa ba. Lupinus arboreus ɗan wannan yanki ne, amma da aka kai shi tuddan Humboldt a arewa sai ya zama mai mamaya, yanzu cire shi suke. Shi ya sa a Asilomar daga tuddan wurin suke tara iri, su rene shi a gandun rainonsu.

Kuskuren masu dasa tsirran asali kusan kullum kulawa ce ta yi yawa. Ba a sa musu taki, na buhu ko na dabba, don a matalauciyar ƙasa suka saba, taki kuma ciyawa yake ciyarwa. Ƙaramin dashe ya fi babba kamawa, saiwarsa ba ta riga ta nannaɗe a tukunya ba. Ana dasawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, damina ta yi renon. Zurfin rami daidai da dunƙulen saiwa, wuyan tsiro daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara, a danna, a ba shi ruwa sosai sau ɗaya. A ranin farko a shayar da shi har ƙasa ta jiƙu da zurfi duk bayan mako biyu ko uku, da sassafe, a rana mai sanyi. Daga shekara ta biyu yawancinsu a ƙyale su. Ruwa a ƙasa mai ɗumi shi ke tayar da ruɓar saiwa, kuma cutar kan zo ne a cikin tukunya: a 2012 aka fara gano Phytophthora tentaculata a Amurka, a wani gandun raino na gundumar Monterey. Kafin ka saya ka zare tsiron daga tukunya ka duba, saiwa fara mai ƙarfi ake so, baƙa mai laushi a bar ta.

Zangon ƙarshe gandun Garrapata ne, kimanin kilomita 11 kudu da Carmel, inda duwatsun yankin Big Sur ke fara faɗawa teku. Na zo nan ne don Dudleya, don Kalifoniya ma tana da nata tsiro mai ajiye ruwa, kuma ya fi baƙin kyau. Dudleya farinosa kan zauna a tsagin dutse, ganyenta a jere kamar furen wardi, girman dunƙulen hannu, bakin ganyen ja, jikin kuma lulluɓe da farin gari da ke kare ta daga rana da gishiri. In ka taɓa, sawun yatsanka zai zauna a wurin. Girmanta a hankali yake, dunƙule mai kawuna goma ya yi shekaru masu yawa. A 2018 jami'an kula da namun daji suka kama mutane a Mendocino da Humboldt da nan gundumar Monterey suna ɓamɓare ta dubbai, suna aikawa kasuwannin gabashin Asiya a kwali. A 2021 jihar ta yi doka ta musamman a kanta, mai tara da kan kai dala dubu 50 a karon farko, dubu 500 ga wanda ya sake. Mai son ta a lambu ya sayi wadda aka rena daga iri, tana da araha yanzu. Ya dasa ta a karkace a tsakanin duwatsu don kada ruwa ya kwanta a tsakiyarta, kuma da rani, lokacin da ta yamutse kamar za ta mutu, kada ya ba ta ruwa, barci take.

A bakin wani gangare, ƙasa da hanyar ƙafa, na ga dunƙule ɗaya mai kawuna bakwai manne da dutse, raƙuman ruwa na bugawa can ƙasa. Ta samansa yaɗon ɓauren Kef ya sauko daga gefen titi, bakin reshensa mai sabon ganye biyu a tsaye bai fi kamu biyu daga kan Dudleyar ba. Wurin ya fi ƙarfin 'yan sa-kai, sai ma'aikaci mai igiya a ƙugu zai iya sauka. Da irin saurin da reshen ke yi, kafin damina mai zuwa ya hau kanta. Na ɗauki hoto, na rubuta lambar alamar hanya mafi kusa, na miƙa wa ma'aikaciyar gandu da na samu a wurin ajiye motoci.